Muhawara: Kuɗin wata na manhajojin sauraron waƙa, me ake saya da shi?

Sagir:
Assalamu alaikum 'yan gida. Tambaya gare ni ga masana harkar sauti. Spotify ya shigo Najeriya a 2021 da ₦900 a wata, ya koma ₦1,300 a 2024, ya sake hawa ₦1,600 a 2025. Apple Music da YouTube Music su ma sun ƙara nasu. Amma kukan masu sauraro bai canja ba: ka buɗe tashar waƙa a cikin manhajar, wadda ke jero maka waƙoƙi da kanta, kafin awa ɗaya ta dawo maka da abin da ka ji jiya. To me ake biya ke nan? Kuma wanne ya fi dacewa da mai jin waƙar Hausa?

Injiniya Bala:
Wa'alaikumus salam. Sagir, ajiye ₦1,600 tukuna, ba shi ne babban kuɗin ba. Babban kuɗin data ne, kuma ba a rubuta shi a allon farashi.

Spotify yana da matakan sauti huɗu a waya, ban da wanda ba a matse ba: 24, 96, 160 da 320, duk kilobit a daƙiƙa. Lissafin ba wuya. Raba lambar gida takwas, ka ninka da daƙiƙa 3,600 na awa guda. Mataki na 24 yana cin kusan MB 11 a awa, na 96 yana cin MB 43, na 160 MB 72, na 320 kuwa MB 144. Mai jin waƙa awa biyu kullum yana da awa 60 a wata. A kan 96 ya sha GB 2.6, a kan 160 GB 4.3, a kan 320 GB 8.6. Mu ƙaddara GB ɗaya ₦600 ne, kowa ya sa farashin layinsa. Na farko ya kashe wajen ₦1,560, na biyu ₦2,600, na uku ya haura ₦5,000. Ka ga a matakin ƙarshe data ta ninka kuɗin rijistar sau uku. Ga shi kuma hukumar sadarwa ta NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a Janairun 2025.

Saboda haka ainihin abin da kuɗin wata ke saya wa ɗan Najeriya ba cire talla ba ne, damar sauke waƙa ne. Waƙar minti huɗu a kan 160 ba ta kai MB 5 ba. Guda 300 za su ci GB 1.4, sau ɗaya tak, ka yi ta ji har wata shida ba ka ƙara ko kwabo na sake sauke su ba. Wanda ya biya kuɗin wata kuma yake ji kai tsaye da datar layinsa, ya biya sau biyu.

Zulai:
Injiniya, ƙara musu da cewa 320 ɗin nan yawancinmu ba ma jin bambancinsa. Kunnen ne kawai yake jin daɗin lambar.

Injiniya Bala:
Gaskiyarki ƙanwata. A lasifikar waya, ko iyafis ɗin dubu biyu na bakin titi, tsakanin 96 da 320 sai mai kunnen zomo. Cikin a-daidaita-sahu da ƙarar inji da hon, ko 96 ɗin ma ya yi yawa. Inda ake fara jin bambanci shi ne ɗaki shiru da hedfon mai kyau, kuma a kan sautuka masu kaifi ake ji: tafi, kacau-kacau, shantu, ƙarshen muryar 'yan amshi. Idan an matse sauti da yawa, waɗannan sukan yi wani shuuu kamar ana zuba ruwa a kasko mai zafi.

Akwai kuma tarkon sautin da ba a matse ba, wanda Apple Music ya kawo a 2021 ba tare da ƙarin kuɗi ba, Spotify ya biyo baya a 2025. A lissafin Apple da kansa, waƙar minti uku tana cin MB 6 a matakin da aka saba, MB 36 a wanda ba a matse ba, MB 145 a mataki mafi girma. Kuma da zarar ka haɗa da Bluetooth na yau da kullum, wayar za ta sake matse sautin kafin ta tura shi kunnenka. Ka sha data ninki shida, abin da ya iso kunne bai canja ba. In ba ka da hedfon mai igiya, bar wannan makunnin a kashe.

Malam Hamisu:
Injiniya ya gama da data. Ni zan koma kan kalmar "tasha" da Sagir ya ambata, don ana cakuɗa abubuwa uku.

Na ɗaya, gidan rediyo na gaske da ke watsa shirinsa ta intanet, irin waɗanda ake kamawa a TuneIn ko Radio Garden. Nan mutum ne zaune a situdiyo yana zaɓen waƙa, kowa na jin abu ɗaya a lokaci ɗaya. Na biyu, tashar da kwamfuta ke haɗa wa kowane mutum tasa, ka ba ta sunan mawaƙi ɗaya ta ci gaba da jero masu kama da shi. Na uku, rumbun da kake zaɓen waƙar da kake so ka kunna nan take. Farashinsu ya bambanta ne don lasisinsu ya bambanta.

Uban gidan nau'i na biyu shi ne Pandora, a Amurka kaɗai yake aiki, kuma SiriusXM ya saye shi a 2019 kan dala biliyan 3.5. A dokar Amurka, rediyon intanet da ba ya barin mai sauraro ya zaɓi waƙa yana iya samun lasisi na bai ɗaya, ba sai ya bi kamfanonin waƙa ɗaya bayan ɗaya ba. Amma da sharaɗi: cikin awa uku kada ya sa fiye da waƙa huɗu na mawaƙi ɗaya, kada ya sa fiye da uku daga faifai ɗaya. Kuma yana biya a kan kowace waƙa ga kowane mai sauraro. A 2021 kuɗin dala 0.0021 ne ga mai ji kyauta, 0.0026 ga mai rijista. Waƙa 15 a awa ta tashi senti uku da ɗoriya.

A nan ne iyakar tsallake waƙa ta samo asali. A ƙarƙashin wannan lasisin, ko daƙiƙa biyar ka ji ka tsallake, an lissafa ta. Mai tsallake waƙa 40 a awa ya jawo wa kamfani asara, tallar da aka saka masa ba za ta biya ba. Shi ya sa mai ji kyauta ake ɗaure masa hannu, kamar tsallake shida a awa da Spotify ya daɗe yana ba masu kyauta a waya. Ba mugunta ba ce zalla, lissafi ne. Pandora ya ƙulla yarjejeniya kai tsaye da manyan kamfanoni a 2016, daga nan ya iya sayar da matakai biyu: mai araha da ke cire talla ya ba ka tsallake ba iyaka, da mai tsada da ke barin ka zaɓi waƙa. Ratar da ke tsakaninsu ita ce farashin 'yancin zaɓe.

Sagir:
Na gane wannan, Malam. Amma maimaicin fa? Rumbun da ake cewa yana da waƙa miliyan 100, me ya sa tasha take zagaye guda talatin kamar jakin niƙa?

Hajiya Rabi:
Sagir, miliyan ɗarin nan ba a gabanka suke ba. Abin da tasha ke iya ba ka shi ne abin da ta san dangantakarsa da waƙar da ka fara da ita.

Hanya biyu ake bi. Pandora ya sa mawaƙa ƙwararru su saurari waƙa su rubuta siffofinta, har kusan 450: irin murya, saurin kiɗa, kayan kiɗan da aka yi amfani da su. Spotify kuwa ya fi dogara da ɗabi'ar jama'a: waɗanda suka ji wannan, me suka ji bayanta, a wane jeri suka ajiye su tare. Yana ƙarawa da nazarin sautin kansa da abin da aka rubuta game da mawaƙin, musamman tun da ya sayi kamfanin Echo Nest a 2014.

Hanya ta biyun nan tana son taron jama'a. Inda masu sauraro suke miliyoyi, tana aiki kamar tsafi. Inda suke kaɗan, sai ta rikice, kuma waƙar Hausa a nan take. Kwamfutar ba ta san bambancin bege da nanaye ba, ba ta san waƙar fada daban ba ce da ta 'yan dambe ko ta noma. Abin da ta gani shi ne mutane ƙalilan ne ke jinsu duka, sai ta zuba su a ƙwarya ɗaya. Mutum ya kunna yabon Manzon Allah da asuba, waƙa ta huɗu sai ga kiɗan biki, ta bakwai ta tsallaka Legas gaba ɗaya don na Hausar da ta sani sun ƙare. Idan ya tsallake na Legas ɗin, ba ta da wani wurin zuwa, sai ta koma kan talatin ɗin da ya taɓa ji har ƙarshe. Maimaicin ke nan.

Wani ɓangaren laifin namu ne. Mawaƙi ɗaya za ka same shi da shafi uku, don ta kamfanonin rarraba waƙa ake ɗorawa: wanda ya ɗora masa waƙa ta DistroKid ya rubuta sunan da ƙ mai lanƙwasa, wanda ya ɗora ta TuneCore ya rubuta da k, na uku ya ƙara Alhaji a gaba. Masu sauraronsa sun rabu uku, kowane shafi ya zama ƙarami a idon kwamfuta. Wajen nau'in kiɗa kuma a zaɓi Afrobeats ko kiɗan duniya, don babu gurbin kalangu ko kukuma. Na tsofaffin makaɗa kuwa, yawanci daga kaset aka kwafo, wani an yanke masa kai, wani an sa masa sunan da ba nasa ba. Mai nema ya gwada rubutun biyu, da lanƙwasa da babu, sau da yawa abin yana nan, sunan ne ya ɓoye shi.

Ɗanjuma:
Hajiya, kin yi wa kamfanin adalci da yawa. Akwai abin da ba ki faɗa ba. Tun 2020 Spotify ya fito da tsarin da ake kira Discovery Mode: mawaƙi ko kamfaninsa ya yarda a zaftare masa kashi 30 cikin 100 na kuɗin da zai samu a waɗannan wuraren, a madadin haka a riƙa tura waƙarsa gaba a tasha da kuma waƙoƙin da ke biyo baya idan jerinka ya ƙare. Wato kai da ka biya don a cire maka talla, an sako maka wata tallar cikin rigar waƙa, kuma ba alamar da ke nuna wacce ce a kan waƙar. A gidan rediyo idan mai gabatarwa ya karɓi na goro ya sa waƙa, sunansa daban. Nan an yi masa suna da Turanci an wuce.

Malam Hamisu:
Ɗanjuma, tsarin yana nan, ban musa ba. Sai dai ba ya tilasta waƙar. Idan mutane suna tsallake ta, kwamfutar tana janye ta. Amma na yarda cewa ya kamata a sa alama.

Hajiya Rabi:
To ga abin da mai sauraro zai iya yi da hannunsa, tunda kuka ba ya gyara tasha.

Kada ka buɗe tasha daga waƙa ɗaya. Haɗa jeri na waƙa 25 zuwa 30 masu nau'i ɗaya, bege zalla ko na gargajiya zalla, ka bar shi ya ƙare, abin da zai biyo baya daga jerin za a auna shi. Waƙar da ba ka so, kada ka rage murya ka bar ta ta wuce, kwamfuta za ta ɗauka ka ji daɗinta. Tsallake ta da wuri, ko ka ɓoye ta. Mawaƙin da ba ka son gani sam, a shafinsa akwai zaɓin hana kunna shi.

Babban mai ɓata tasha shi ne aron waya. Yara su karɓa su yi ta kunna waƙar katun, ko a haɗa wayar da lasifika ranar kamu a sha kiɗa awa biyar. Washegari tasharka ta zama ta amare. Kafin ka miƙa wayar, kunna Private Session, wato sauraro a sirrance, a saitin Spotify, yakan kashe kansa bayan awa shida ba a taɓa manhajar ba. Jerin biki ko na yara kuma akwai zaɓin cire shi daga ma'aunin abin da kake so. Kuma a ba shi lokaci, ba a kwana ɗaya yake gyaruwa ba.

Ɗanjuma:
Duk wannan aikin, kuma ni ne zan biya? A je Farm Centre a Kano, ko kowace kasuwar waya a Arewa. Ga yaro zaune da kwamfuta a kan benci, abin karanta memori a gefe, manyan fayil-fayil a jere: bege, siyasa, nanaye, gargajiya, wa'azi, karatu. Ka ce masa na wane kake so, tsofaffin ko sababbin, ya gane nan take, har ya ce akwai wata da ta fito shekaranjiya. Cikin minti goma ya cika maka memori. Ba data, ba katin banki, ba ranar ƙarewa, ka tura wa ɗan uwanka ta Xender. Wannan yaron ya fi kwamfutar Spotify ta ƙasar Suwidin sanin waƙar Hausa nesa ba kusa ba.

Kuma a faɗa wa mutane gaskiya: waƙar da ka sauke a Spotify ko Apple Music ba taka ba ce. A kulle take cikin manhajar, ba ta turuwa, ba ta buɗuwa a wata na'ura. Ranar da kuɗinka ya ƙare, ta rufe. Ko kana biya ma, in ka yi kwana 30 ba ka hau intanet ba, Spotify zai kulle su sai ka hau. Haya ce, ba saye ba. Shekara biyar kana biya, ka daina yau, ka tashi da hannu biyu.

Zulai:
Yaya Ɗanjuma, haya ce, amma a duba hayar nawa. A 2021 ₦900 ta haura dala biyu a canjin gwamnati. Bayan an saki naira a Yunin 2023 ta gangara har wajen ₦1,500 a dala, ₦900 ɗin ta koma senti 60. Ko ₦1,600 ta 2025 dala ɗaya ce da 'yan kai. A Amurka kuwa dala 9.99 suka biya fiye da shekara goma, ta koma 10.99 a 2023, 11.99 a 2024. Wato a idon kamfanin, ƙarin da ake mana bai ma mayar da farashin inda ya faro ba.

Sai dai ba da dala ake biyan albashi a nan ba. Mafi ƙarancin albashi ₦70,000 ne tun 2024. Raba shi da kwana 22, awa takwas-takwas, awa ɗaya ta kama wajen ₦400. Kuɗin wata na waƙa aikin awa huɗu ke nan. Ba'amurke mai karɓar mafi ƙarancin albashin tarayya, dala 7.25 a awa, bai cika awa biyu ba ya biya nasa 11.99 na 2024. Su suna ganin sun yi mana araha, mu muna jin tsada, kuma kowa da gaskiyarsa. Ƙara data a kai, ka ga dalilin da ya sa Audiomack da Boomplay suka fi shiga hannun talaka. Audiomack yana barin ka sauke waƙoƙi da yawa kyauta in mai waƙar ya yarda. Boomplay kuma tun 2015 yake, yana zuwa a cikin Tecno da Infinix da itel tun daga kwali, kuma yana da rijistar kwana ɗaya da ta mako. Mai samun kuɗi kullum-kullum, biyan kullum ya fi masa sauƙi ko da jimillarsa ta fi tsada.

Malam Hamisu:
Akwai wanda ba a sa a lissafin ba, shi ne mai waƙar. A wurin yaron Farm Centre kasonsa sifili ne, wannan ba gardama. Amma kada a ɗauka ₦1,600 ɗinka tana tafiya wurin wanda ka saurara.

Ga yadda ake rabo. Kuɗin rijista da na talla na ƙasa guda ana tara su a tukunya ɗaya duk wata. Kamfani ya riƙe kusan kashi ɗaya cikin uku, sauran a raba wa masu haƙƙin waƙa gwargwadon yawan kunnawar da kowa ya samu a ƙasar. Ko da waƙar mutum ɗaya ka ji wata guda cur, kuɗinka zai bi manyan da suka fi yawan masu ji. Kuma tunda tukunyar Najeriya da naira aka cika ta, kunnawa dubu daga Kano ba ta kai kunnawa dubu daga Landan kuɗi ba, ko kusa. SoundCloud ya gwada wata hanya a 2021, inda kuɗin mai sauraro ke bin waɗanda ya ji kaɗai, amma manyan ba su bi sahu ba.

Sai ƙa'idoji biyu da suka fi cutar irin waƙarmu. A Spotify ana lissafa kunnawa ne da zarar an kai daƙiƙa 30. Waƙar minti biyu da rabi kunnawa ɗaya ce, waƙar makaɗin fada mai minti 20 ita ma ɗaya ce. A awa guda mai gajerun waƙoƙi ya samu 24, mai dogaye ya samu uku. Shi ya sa sababbin waƙoƙi suke ta gajarcewa, amshi yana zuwa tun kafin ka gyara zama, ba sharar fage. Ta biyu, daga 2024 waƙar da ba ta samu kunnawa 1,000 cikin wata 12 ba, Spotify ba ya biyan kuɗin faifanta. Yanzu haɗa wannan da abin da Hajiya ta faɗa na shafi uku. Waƙa ɗaya da aka ɗora sau uku da lambar rijista daban-daban, kowacce ta samu 600, jimilla 1,800, amma ba wadda ta tsallake. Mai waƙa ya tashi a tutar babu.

Ɗanjuma:
To Malam, ai ka ƙarfafa maganata. In don mawaƙi ne, gara a tura masa ₦1,600 ɗin ta asusunsa, ko a yi masa liƙi a wurin biki. Ya fi abin da zai samu daga kunnawarka ta shekara.

Malam Hamisu:
Ta fuskar kuɗi haka ne. Amma liƙi ba ya kai waƙarsa kunnen ɗan Zango a Kumasi ko mai aiki a Jidda. Manhajar tana kaiwa. Kowanne da aikinsa.

Ma'aruf:
Gaisuwa daga Maraɗi. Tunda an ambaci na waje, a ja kunnen masu tsallaka iyaka. Spotify yana aiki a Nijar tun 2021, lokaci ɗaya da Najeriya, amma asusu yana ɗaure da ƙasar da aka buɗe shi. Mai ji kyauta in ya fita ƙasarsa kwana 14 kawai yake da shi, daga nan sai ya canja ƙasa a saitin asusu. Mai biya yana iya yawo da nasa, sai dai katin da zai biya da shi dole ya zama na ƙasar da ke kan asusun. Masu zuwa Katsina ko Kano su buɗe asusu don farashin naira, su dawo su sa katin sefa, abin ba ya wucewa. Masu sayar da asusu mai araha a WhatsApp kuma, yawanci gurbi ne a rijistar iyali ta wani da ba ka sani ba. Ranar da ya daina biya ko ya cire ka, ba ka da wurin kai ƙara.

Injiniya Bala:
Ma'aruf ya taɓo inda ake yawan kuka, biyan kuɗin kansa. A 2022 bankuna da yawa sun rage abin da katin naira zai iya kashewa a waje zuwa dala 20 a wata, wasu suka rufe gaba ɗaya, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa. Ko da farashin da naira aka rubuta, wani lokaci cirar tana bi ta waje, sai kati ya ƙi. In haka ta faru, duba manhajar bankinka ko an kunna sayayya ta intanet da ta ƙasashen waje, kuma a bar ɗan rara a asusun sama da kuɗin rijistar.

Masu iPhone su lura. Apple yana karɓar har kashi 30 cikin 100 na rijistar da aka yi ta cikin manhaja, shi ya sa wasu kamfanoni suke ɗora wannan a kan farashi, YouTube na cikinsu. Yi rijistar a burauza, ka dawo ka shiga manhajar da asusun, ka biya farashin asali. Rigimar nan ce ta kai Tarayyar Turai ta ci Apple tarar yuro biliyan 1.8 a Maris 2024.

Goge manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi, wannan ya cinye wa mutane da yawa. Inda ka yi rijista nan za ka soke: Play Store a sashen biyan kuɗi da rijista, ko saitin iPhone a ƙarƙashin sunanka, ko shafin asusunka na Spotify a burauza. Watan gwaji na kyauta a Apple, soke shi aƙalla awa 24 kafin ya cika. Wanda ya yi rijistar kwana ɗaya da kuɗin kira kuma ya duba ko tana sabunta kanta, don ita ce ke lashe kati a ce layi na sata.

Mafi araha ta halal ita ce rijistar iyali: mutum shida, kowa da asusunsa da tasharsa, kuɗin bai kai na mutum biyu ba. Sharaɗin Spotify shi ne adireshi ɗaya, kuma yana tambaya. Ɗalibin jami'a yana samun kusan rabin farashi har shekara huɗu, ana tantance shi duk shekara.

Anti Ladidi:
Injiniya, taimaka da wannan. Mata da yawa suna ƙorafin waƙa tana tsayawa da zarar allon waya ya mutu, ko bayan minti goma. Sai su ce kamfanin ne ya cuce su. Kuma wata waƙar ta fito da ƙarfi har ta firgita yaro, wata kamar daga rijiya.

Injiniya Bala:
Anti, biyu ne. In YouTube Music ne na kyauta, haka aka yi shi, ba ya ci gaba in allo ya mutu sai an biya. Kuma bidiyo yake jawowa, datarsa ta fi ta sauti nesa. In kuwa Spotify ne ko Boomplay ko Audiomack, wayar ce. Tecno da Infinix da itel suna da mai tsaron batir da ke kashe duk manhajar da ke aiki a baya. A shiga saiti, sashen manhajoji, a zaɓi manhajar, a shiga batir, a cire mata takunkumi. A buɗe jerin manhajojin da ke buɗe a sa mata ɗan kwaɗon nan don kada mai sharar waya ya share ta. In akwai yanayin tsimin batir a kunne, a kashe shi lokacin sauraro.

In waƙoƙin da aka sauke ne suke ɓacewa, a zargi memori. Na jabu yakan nuna GB 64 alhali cikinsa bai fi 8 ba, da ya cika sai ya fara taka na farko. Mayar da ma'ajiyar cikin wayar a gani.

Bambancin ƙarfi kuma daga ɗauka ne. Waƙar situdiyo ta yau an matse ta ta yi ƙara, wadda aka kwafo daga kaset tana ƙasa. A saitin Spotify akwai makunnin daidaita ƙarfin sauti, a Apple Music sunansa Sound Check. A kunna shi. A wurin kuma a kashe Canvas, ɗan bidiyon nan da ke juyawa a bayan waƙa, data yake ci a banza.

Sagir:
Allah ya saka da alheri. To a taƙaice wanne za a ce wa mutum ya ɗauka?

Hajiya Rabi:
Ba a taƙaice shi, ƙanena, gwada shi ake. Rubuta waƙa 20 da ka fi ji a takarda, ka tabbata akwai tsofaffi biyar a ciki. Nemi kowacce a manhajojin kafin ka ba kowa kati, neman kyauta ne a yawancinsu. Wadda ta kawo 17 ko fiye, kuma asalin ɗaukar ba kwaikwayo ba, ita ce taka. Sannan ka buɗe tasha ka ƙirga waƙa nawa ta yi kafin ta bar Hausa ko ta maimaita. Mai jin na gargajiya da bege yawanci zai tarar YouTube ya fi kowa kaya, don jama'a ne suke ɗorawa da kansu. Mai jin sababbin 'yan hip-hop da na fim zai samu da yawa a Audiomack da Boomplay ba tare da ya biya ba. Mai haɗawa da na Turai da Larabawa da Indiya, shi ne kuɗin Spotify ko Apple Music zai fi yi wa amfani.

Ɗanjuma:
Ku sa yaron Farm Centre a gwajin. Ashirin cikin ashirin zai kawo.

Zulai:
Zai kawo, da muryar wani DJ yana kiran sunansa da lambar wayarsa a tsakiyar kowace waƙa.

Injiniya Bala:
Sagir, in za ka yi gwajin Hajiya, share ma'aunin data na wayarka kafin ka fara, ka sa duk manhajojin a mataki ɗaya na sauti, ka ba kowacce awa ɗaya. Spotify a 96 zai nuna maka kusan MB 43, YouTube Music a matsakaicinsa na 128 kusan MB 58. In ka ga ɗari biyu ko uku, bidiyo ne ke gudana, ko manhajar tana sauke wasu waƙoƙi a ɓoye. Duba saitin saukewa ka mayar da shi Wi-Fi kaɗai, sannan ka sake aunawa.